Me Ya Sa Faifan X-Men Yake Dishi-dishi a Sabuwar Talabijin?

"Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake son finafinan nan masu dogon zango na mutanen da ake haifa da wata baiwa ta daban, irin su katun ɗin X-Men da kuma Heroes. Kwanan nan na sayi babbar talabijin, na ɗauko faya-fayen da na tara don in nuna wa yarana, sai na ga hoton ya lalace. Wani wurin dishi-dishi, wani wurin yana farfashewa, fuskokin mutane sun yi faɗi. Laifin faifan ne ko na talabijin? Kuma a cikin irin waɗannan finafinai, wanne ya cancanci mutum ya kashe kuɗi ya ajiye?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: ta kyan hoto, da ta kyan labari. Zan fi daɗewa a ta farko, domin ita ce sana'ata. Na yi shekaru ina tace bidiyo, ina kuma kwashe tsofaffin kasusuwan biki da na taro zuwa kwamfuta, kuma kukan da ka yi shi ne kukan da kusan duk wanda ya kawo mini kaset yake yi idan ya ga hotonsa a babban allo. Amsar a taƙaice ita ce, talabijin ɗinka ba ta ɓata komai ba, tona asiri kawai ta yi. Lalacewar tana nan tun da can, tsohuwar talabijin mai ƙeya ce take rufe ta.

Abubuwa uku ne suke yanke hukuncin abin da idonka zai gani: yadda aka kammala fim ɗin tun asali, yawan awannin da aka cusa a faifai ɗaya, da yadda ka haɗa na'urarka ka saita allonka. Na ukun yana hannunka. Na biyun kuɗi yana gyara shi. Na farkon kuwa, tun ran gini tun ran zane.

Asalin masta

Mu ɗauki katun ɗin X-Men da ka ambata. Ya fara fitowa a Fox Kids, sashen yara na tashar Fox ta Amurka, ranar 31 ga Oktoba 1992, ya ƙare a 1997, kashi 76 cikin zango biyar. Labarin ya samo asali ne daga littattafan zane na kamfanin Marvel, waɗanda Stan Lee da Jack Kirby suka fara a 1963. A Amurka ake rubuta labarin, amma yawancin zanen wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna AKOM ne ya yi shi. Duk wannan aikin an yi shi ne domin talabijin ta wancan zamani, mai allo kusan murabba'i wanda ake kira 4:3, a tsarin Amurka na NTSC mai layukan hoto kimanin 480.

Al'adar masu shirin talabijin a shekarun 1990 ita ce, ko da an ɗauki hoto a kan zaren fim irin na majigi, to a kan kaset ɗin bidiyo ake yin tacewa, a nan ake ɗora rubutu da siddabarun wuta da walƙiya, a nan ake fitar da masta, wato kwafin asali da ake kwafar sauran daga gare shi. Zaren fim yana ɗauke da hoto mai zurfi ƙwarai, ana iya sake kwashe shi yau a samu hoto garau. Kaset kuwa iyakarsa layi 480, ba ƙari. Faifan DVD na Amurka yana ɗaukar ɗigon hoto 720 a kwance da 480 a tsaye. Talabijin ɗinka, idan mai 4K ce, tana da 3840 da 2160. Lissafa ka gani: ɗigo dubu ɗari uku da 'yan kai ne aka ce su cika wurin da aka tanadar wa ɗigo sama da miliyan takwas. Dole ta miƙe hoton kamar roba, ta ƙirƙiri abin da babu ta cike gurbi. Dishi-dishin da kake gani ke nan.

Akwai kuma wasu tabo guda biyu da tsohon kaset yake bari, kuma a katun suka fi fitowa saboda baƙin layin da yake kewaye da zane. Na farko, wasu 'yan ɗigogi da za ka ga suna tafiya a gefen layi kamar jerin tururuwa, wani lokaci har da launin bakan gizo yana wasa a wurin da bai kamata ba. Wannan yana faruwa ne idan an haɗa haske da launi a igiya ɗaya. Na biyu, idan wani ya yi motsi da sauri sai gefensa ya tsattsage kamar haƙoran mataji. Tsohuwar talabijin tana zana hoto ne rabi-rabi, layukan mara sannan na cika, cikin saurin da ido ba ya kamawa. Sabuwa tana nuna hoton gaba ɗaya a tashi guda, don haka sai ta haɗa rabin biyu, idan ba ta iya haɗawa da kyau ba sai matajin ya fito.

Za ka iya tambaya, to me ya hana su koma kan zaren fim su sake kwashewa? Kuɗi ne. An yi wa Star Trek: The Next Generation irin wannan aiki tsakanin 2012 da 2014: aka tono zaren asali, aka sake tace kowane kashi daga farko, aka sake gina siddabarun kwamfuta. Aikin ya yi kyau matuƙa, amma ya ci kuɗi, kuma ba a yi wa sauran shirye-shiryen Star Trek biyu da suka biyo bayansa ba. Finafinan masu baiwa sun fi kowa shiga wannan tarko, domin kusan kowane faɗa a cikinsu siddabaru ne. Fim ɗin soyayya ko na kotu, kwashe zaren kawai za a yi a gyara launi. Wanda jaruminsa yake harba wuta daga ido kuwa, sai an sake zana wutar.

Faifai nawa, awa nawa

A nan nake zargin yawancin matsalarka take, musamman farfashewar nan da ka ce. Duba faya-fayenka na Heroes. Zangon farko kashi 23 ne, kowane kashi kimanin minti 43, wato awa goma sha shida da rabi ke nan. Kamfanin da ya fitar da shi a 2007 a kan faifai bakwai ya raba shi. Idan naka zango guda ne cur a faifai ɗaya, irin wanda muka saba saya a hannun masu talla da kwali mai ƙyalli, to an matse abin faifai bakwai ne a cikin ɗaya.

Faifan DVD mai hawa ɗaya yana cin gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Idan ka raba 8.5 a kan awa goma sha shida da rabi, abin da zai rage wa kowace daƙiƙa bai wuce megabit ɗaya da ɗan kai ba, hoto da sauti duka. Wannan daidai yake da tsohon faifan VCD. Faifan asali yana ba kowace daƙiƙa ninki biyar na haka ko fiye. Idan kuwa a mai hawa ɗaya aka cusa shi, abin ya ƙara raguwa kusan rabi.

Yadda matsewa take aiki shi ne, na'ura tana duba hoton da ya wuce da wanda zai zo, ta ajiye abin da ya canza kawai. Mutum biyu zaune a falo suna magana, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, ba a buƙatar wuri mai yawa. Shi ya sa za ka ga irin wannan fitowar tana da dama-dama ko a faifan bogi. Amma bari Storm, jarumar X-Men mai sarrafa yanayi, ta ɗaga hannu ta kira hadari: iska, ruwan sama, walƙiya, ƙura, komai na allon yana canzawa a lokaci guda. Na'urar ba ta da wurin ajiye duk wannan, sai ta yanka hoton gida-gida kamar tayil. Wato daidai wurin da ka fi so ka gani, nan hoton yake mutuwa. Duhu ma haka ne. Heroes yana da fitowar dare da yawa, kuma a matsattsen faifai baƙin ba ya zama baƙi, sai ya zama faci-faci masu rawa. Jan launi shi ma yana shan wahala, domin tsarin bidiyo yana ajiye launi da ƙarancin zurfi fiye da haske, kuma a ja ne ido ya fi kama wannan ragi. Ka lura da jar wutar idon Cyclops na X-Men, za ka ga gefenta yana zuba kamar rini.

Finafinan da ake turawa a waya ko a filash su ma hukuncinsu ɗaya. An matse su ne don ƙaramin allon waya da kuma tsimin wuri, kashi guda ya dawo megabait ɗari ko ƙasa da haka. A waya garau ne. A allon inci hamsin da biyar ba zai yi ba. Kuma kada rubutun HD ko 4K a jikin kwali ko a sunan fayil ya ruɗe ka, kowa yana iya rubuta shi. Girman fayil da yawan faifai su ne shaida.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan musamman. Najeriya tsarin PAL take bi, irin na Ingila, mai layi 576 da hoto 25 a daƙiƙa. Fim da aka ɗauka da hoto 24 a daƙiƙa, idan za a mayar da shi PAL, yawanci ƙara masa gudu ake yi da kimanin kashi huɗu cikin ɗari. Kashi mai minti 43 sai ya dawo 41 da 'yan daƙiƙu, muryoyi su ɗan sirance idan ba a gyara sautin ba. Ga shirin da aka kammala da inganci irin Heroes, faifan Turai yana da ɗan fifikon layuka. Ga katun da mastansa kaset ɗin NTSC ne kuwa, ni faifan Amurka nake zaɓa, domin juya kaset daga wannan tsari zuwa wancan yana ƙara masa laushi da inuwa a motsi. Sai dai ka kula da lambar yanki, wadda take hana faifan wani yanki yi a na'urar wani yanki: Amurka yanki na 1 ce, Turai na 2, mu muna na 5. Yawancin na'urorin DVD da suke kasuwanninmu na ga suna cin kowane yanki, amma na'urar Blu-ray, wato faifan hoton HD da ya biyo bayan DVD, ta fi tsauri. Mu da Turai muna yankin B, Amurka tana A, don haka Blu-ray ɗin Ingila ya fi mana sauƙi.

Wanne ya cancanci ajiyewa

Nan kuma ra'ayina ne, ɗanɗano kuwa kowa da nasa. Katun ɗin 1992 shi nake sa wa a gaba, duk da shi ne mafi raunin hoto. Zanensa ba ya tafiya sumul, wani lokaci launin rigar mutum yana canzawa daga wannan fitowa zuwa waccan. Amma marubutansa, ƙarƙashin jagorancin Eric Lewald, ba su raina hankalin yara ba. Labarin mutane ne da aka tsana saboda yadda aka haife su, gwamnati tana son ta yi musu rajista, ana ƙera manyan mutum-mutumi don farautarsu. A cikinsu akwai dattawa biyu, tsofaffin aminai: Farfesa Xavier yana ganin zaman lafiya da sauran mutane mai yiwuwa ne idan an yi haƙuri, Magneto ya ga abin da ƙiyayya take yi tun yana yaro, ya daina yarda da alƙawarin kowa. Abin da nake so a shirin shi ne bai mayar da Magneto mahaukaci ba, yana ba shi hujja, sai yaro ya yi tunani kafin ya zaɓi ɓangare. Kuma tun a labarin farko aka rasa ɗaya daga cikin tawagar, Morph, abin da katun na safiyar Asabar bai saba yi ba. Storm kuma, wadda mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ta taso a titunan Alƙahira, tana cikin shugabannin tawagar, ba 'yar rakiya ba ce.

Cikakken shirin ya fito a DVD a Amurka cikin kundi biyar tsakanin 2009 da 2010, daga kamfanin Buena Vista na Disney. Hoton na tsohon masta ne, da tururuwarsa da matajinsa, amma ba a matse shi ba, kuma a siffarsa ta 4:3 yake. Abu biyu za ka sani kafin ka saya. Kashi-kashin ƙarshe na zango na biyar wani kamfanin zane na Filifin aka ba su da kuɗi kaɗan, don haka kamannin jaruman sun canza sarai, kada ka ɗauka faifanka ne ya samu matsala. Na biyu, jerin ya ɗan hargitse. Akwai kashi mai suna No Mutant Is an Island, wanda aka rubuta shi don ya biyo bayan labarin Phoenix mai kashi biyar, inda ake makokin Jean Grey, ɗaya daga cikin tawagar. Matsalar zane ta sa aka jinkirta shi sai 1996, kusan shekara biyu bayan lokacinsa, bayan masu kallo sun riga sun ga Jean ta dawo. Mai bin jerin fitowa zai ga ana kukan mutuwar wadda ya gani da rai jiya.

Heroes kuwa, zangon farko kaɗai nake ba da shawara. Tim Kring ne ya ƙirƙire shi, tashar NBC ta fara nuna shi a Satumba 2006. Ba na Marvel ba ne, amma jigon ɗaya ne: talakawan mutane suna farkawa su ga ƙwayar halittarsu ta ba su wata baiwa. Hiro, ma'aikacin ofis a Tokyo, yana tsayar da lokaci. Claire, 'yar makaranta a Texas, duk raunin da ta ji yana warkewa. Zangon farko yana da alƙibla ɗaya, hana fashewar da za ta rusa New York, kuma kowane zare yana tafiya can. Zango na biyu ya faɗa cikin yajin aikin marubutan Amurka na Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008, aka datse shi a kashi 11. A faifan asali na wannan zango an saka ƙarshen da aka so yi tun farko, inda kwalbar ƙwayar cutar take fashewa, annoba ta ɓarke. Wanda ya kalle shi zai gane inda labarin ya nufa kafin a juya shi. Daga zango na uku marubutan suka shiga ba wa mutum baiwa yau su ƙwace gobe, mugu ya tuba ya sake komawa, har na daina damuwa da kowa a ciki.

Ta fuskar hoto Heroes ya yi sa'a, a zamanin HD aka yi shi, don haka Blu-ray ɗinsa, wanda ya fito a 2008, hoto ne na gaske mai ɗigo 1920 da 1080. Hattara da wani tarko: a 2007 zangon farko ya fito a wani tsari mai suna HD DVD, wanda kamfanin Toshiba ya janye daga kasuwa a Fabrairu 2008. Irin waɗannan faya-fayen suna yawo da araha a wurin masu sayar da kayan gwanjo a intanet, kuma ba sa yi a na'urar Blu-ray. Kwalinsu ja ne, na Blu-ray shuɗi. Sannan tunda ka ce yara za ka nuna wa, Heroes ba nasu ba ne. Mugun ciki, Sylar, buɗe ƙoƙon kan mutane yake yi, kuma ana nunawa.

Mutant X, wanda aka yi a Toronto daga 2001 zuwa 2004, kashi 66, ba zan ce ka kashe masa kuɗi ba. Sunan yana sa mutane su ɗauka X-Men ne, har kamfanin Fox, mai haƙƙin finafinan X-Men a lokacin, ya kai masu shi kotu. Jarumansa daban ne, gwajin wani kamfanin kimiyya ne ya canza su. Faɗan igiya ne da baƙaƙen riguna, siddabarunsa na wancan zamani ne, babban allo ba ya yi masa alheri. Kuma an tsayar da shi a tsakiyar rikici, labarin bai ƙare ba.

Legion na tashar FX, 2017 zuwa 2019, kashi 27, shi ne mafi kyan hoto a duk cikinsu, kuma shi ne wanda matsewa ta fi cuta. Labarin David ne, ɗan Farfesa Xavier, wanda ya girma ana ce masa mai taɓin hankali ne. Noah Hawley da ya shirya shi yana ba da labari ne da launi da siffar allo: wani lokaci baƙin sarari na sama da ƙasa yana faɗaɗa ko ya tsuke a tsakiyar fitowa, don ka gane an shiga tunani ko an fito. Idan ka ga haka kada ka taɓa rimot, da gangan ne. Zangon farko yana nan a Blu-ray. Na manya ne zalla, kuma yana son mai haƙuri.

Ga yara, bayan na 1992, akwai X-Men: Evolution na 2000 zuwa 2003 mai kashi 52, da Wolverine and the X-Men mai kashi 26, wanda zanensa ya fi tsafta a sabon allo.

Wani zai ce me ya sa za a wahala da faifai alhali ga intanet? Ban ƙi ba ga mai yalwar data da sabis mai ƙarfi. Amma abin da yake kan manhajar kallo ba naka ba ne. A watan Mayu 2023 Disney ta cire shirye-shirye da dama daga manhajojinta, har da Runaways na Marvel. Faifan da yake cikin durowarka ba mai shigowa ya ɗauke shi.

Abin da za ka iya gyarawa yau

Faɗin fuskokin nan shi ne mafi sauƙi. Talabijin ɗinka tana miƙe hoton 4:3 ne don ya cika faɗin allo. Shiga saitin girman hoto ka mayar da shi 4:3 ko na asali. Baƙin sarari zai fito dama da hagu, ka bar shi, haka aka zana shirin. Yara za su yi ƙorafi na minti biyar su manta. Idan da igiyar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ka haɗa na'urarka, nemi mai HDMI, domin rawayan nan shi kansa yana ƙara tururuwar da na faɗa. Rage kaifin hoto ya yi ƙasa sosai, domin a tsohon bidiyo datti yake kaifafawa. Kashe saitin da yake sa motsi ya yi santsi, kowane kamfani da sunan da yake ba shi, yana ɓata zanen katun. Sannan ka ɗan ja kujera baya. Nisa yana gyara abin da na'ura ba ta iya gyarawa.

Iyakar abin ke nan, kuma gara in faɗa maka gaskiya. Duk wannan ba zai mayar da X-Men na 1992 ya zama kamar X-Men '97 ba, ci gabansa da ya fito a Disney+ a Maris 2024. Ni kaina a wurin aiki ina iya rage tsatsa, in daidaita launi, in cire mataji, amma abin da kaset bai ɗauka ba ba ni da inda zan samo shi. Na gwada manhajojin da suke ƙara girman hoto da ƙirƙirarriyar basira. A kan katun suna fitar da layi tsaf, kallon farko ya burge, amma suna goge zanen bango da aka yi da buroshi, ƙananan fuskoki na nesa kuma su narke. Faifan da aka riga aka matse kuwa babu abin da yake dawo da shi. Kuma idona ya saba farautar aibi, abin da yake damuna mai yiwuwa yaranka ba za su ma lura da shi ba.

Da ni ne kai, zan fara da ƙirga faya-fayen. Duk zangon da yake a faifai ɗaya in ajiye shi gefe don kallon ƙaramin allo. In nemi kundin X-Men na asali, ko da ɗaya-ɗaya ne, in fara wa yara daga labarin farko, Night of the Sentinels, a 4:3. Idan kun kai ƙarshen labarin Phoenix, ka tsaya, ka ɗauko kundi na biyar ka sa musu No Mutant Is an Island, sannan ku koma inda kuka tsaya.